Filin tsohon bariki: shaguna ko makaranta?

Duk lokacin zaɓe sai an tambaye ni a majalisa: idan aka tashi sojoji daga barikin da gari ya cim masa, kamar barikin Bukavu da ke titin Katsina a Kano, me ya kamata a yi da filin? Har yanzu dai sojoji na nan, kuma fili ne na gwamnatin tarayya, saboda haka ɗan takarar ciyaman da ya yi alƙawarinsa ya yi kyauta da kayan wani.

Shaguna sun fi sauƙin tashi. Ɗan kasuwa ne zai zuba kuɗinsa, gwamnati ta karɓi haraji, kuma duk wanda ya ga yadda ake kasa kaya a bakin hanya a Kantin Kwari ya san akwai masu nema. Haɗarin ne babba. A watan Yunin 2023 sabuwar gwamnatin jihar Kano ta rushe shagunan Filin Idi da gine-ginen tsohon otal ɗin Daula, masu takarda a hannu suna kallo. Ga cunkoson A Daidaita Sahu da zai ƙaru.

Makaranta kuwa ba ta kawo ko sisi. Gini, albashin malamai, gyaran rufi bayan damina, duk daga baitulmali. Amma da wuya wani gwamna ya kai mata katafila, kuma filin ƙwallonta zai ɗebe yaran Fagge daga kan kwalta.

Mai jari da ke iya jure canjin gwamnati, shaguna sun dace da shi. Magidancin da 'ya'yansa ke zaune a ƙasa a aji, makaranta ce tasa.