Sharhi kan gejin awon matsin mai, ga masu tsohuwar Marsandi da silo ya ƙi zama

Wannan geji ne na awon matsin fetur, irin wanda ke zuwa da tiyo biyu da famfon buɗewa da rufewa a tsakiya. Na yi aiki da shi a kan 190E da 230E da 300E, wato injin M102 da M103 masu tsarin feshin mai na KE-Jetronic na kamfanin Bosch. Motocin nan ba su da inda za a jona musu kwamfutar binciken zamani, shi ya sa idan silo, wato juyin injin sa'ad da ba a taka totur ba, ya fara hawa da sauka sai a shiga canje-canje da ka: yau fulogi, gobe nozul, jibi a murɗa sukurun mai da ke daidaita cakuɗin mai da iska. Gejin yana raba gardama, kuma a ganina ya ci kuɗinsa.

Ana jona tiyo ɗaya a mafitar da ke kai mai ga nozul ɗin tashin sanyi, ɗayan kuma a ramin gwaji na ɗakin ƙasa, wato sashen ƙasa na kan rabon mai da ke raba wa nozul fetur, bayan an kwance ƙaramin noti mai zaren M8x1. Injin ya huce tukuna, a rufe wurin da tsumma, domin fetur ɗin a matse yake kuma feshi yake yi. Kada a kusanto da wuta ko taba.

Matsin babban layi ya kamata ya tsaya tsakanin bar 5.3 da 5.5 (bar ma'aunin matsi ne). Idan ya gaza, a duba matatar mai da famfon mai kafin komai. Amma inda gejin ya fi amfani shi ne ɗakin ƙasa. Injin da ya yi ɗumi, ɗakin ƙasa yakan zauna kusan bar 0.4 ƙasa da babban layi. Wannan 'yar tazarar ce ke yanke yawan man da zai isa nozul, kuma bawul ɗin EHA, baƙin ƙaramin akwatin da ke manne a gefen kan rabon mai, shi ke riƙe da ita. Tazara ta yi yawa, mota ta sha mai, salansa ya yi baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ƙirin. Ta yi kaɗan, injin ya riƙa rawa yana mutuwa a danja. Idan ka ba da wuta sosai sannan ka saki totur, allurar za ta haura ta kamo babban layi, alamar mota ta yanke mai kamar yadda aka tsara ta. EHA mai warin fetur ko danshi a jiki kuwa alama ce ta yoyo.

Bayan an kashe injin a bar gejin a jone. Matsin zai sauka kusa da bar 3 ya tsaya. Idan ya zube cikin 'yan mintuna, ka gano dalilin da mota ke wahalar tashi da zafi: ma'ajiyar matsi da ke kusa da famfo a ƙarƙashin mota, ko bawul ɗin hana mai komawa baya.

Aibin gejin biyu ne. Zanen fuskar agogon ya yi nisa da juna, ga shi abin da ake nema bai kai rabin bar ba, sai an kafa ido sosai. Wanda zai saya ya nemi mai zanen bar 0.1. Sannan mahaɗan suna yoyo idan ba a sa sababbin washa na tagulla ba, waɗanda ke cikin akwatin kuma ba su da yawa.

Akwai abin da gejin ba ya gani, kuma dole a faɗa. Iskar da ke shiga ta ɓarauniyar hanya ita ce ta fi ɓata silo a motocin nan: tiyo biyu na bawul ɗin silo da zafi ya busar, babbar robar da ke ƙarƙashin farantin awon iska, da robobin gindin nozul. Sai rilen OVP, mai kare na'urorin mota daga wutar da ta yi yawa, da ke bayan batir, mai fis na amfiya 10 a kansa. Dalmar cikinsa takan tsage, wuta ta daina isa birenbos, wato kwamfutar injin, silo ya faɗi, wani lokaci har fitilar birkin ABS ta kama. Na'urar jin zafin ruwa ana auna ta da mita: kusan om 2,500 a digiri 20, kusan 300 a digiri 80. Motar da ke da na'urar jin iskar salansa, wutarta ta riƙa kai-komo tsakanin bolt 0.1 da 0.9, idan ta tsaya cik, ta mutu ko kuma cakuɗin man ya karkata gefe guda. Mai bawul ɗin EGR kuma, wanda ke mayar da wani ɓangare na hayaƙin salansa cikin injin, a duba ko baƙin gawayi ya hana shi rufewa.

Sukurun mai, wanda ake murɗawa da alanki mai milimita 3, shi ne na ƙarshe. Sai duk waɗannan sun fito lafiya, injin ya yi ɗumi, sannan a taɓa shi kaɗan-kaɗan, ana cire alankin kafin a ba da wuta.