Wata biyu da man tea tree a kan cin ruwan ƙafata

Shekara shida ina wankin mota a Kano, kullum ƙafa cikin ruwa da kumfa. Tun daminar bara cin ruwa ya kama tsakanin yatsuna, wajen ya yi fari, ya tsage, ga wari har ina jin nauyin cire takalmi a masallaci. Man shafawar nan mai haɗin magani uku na kemis kuwa na ƙarar da guda huɗu. In na shafa ƙaiƙayi ya lafa, in na daina ya dawo da ƙarfinsa.

Wata mai harhaɗa magunguna ce ta buɗe mini ido. Ta ce: "Malam, sitiroyid ɗin da ke ciki ƙaiƙayi kawai yake kwantarwa, fangas, wato ƙwayar da ke jawo cin ruwan, na nan yana cin kasuwarsa." Ta ce irin wannan shafe-shafe na cikin abin da ake zargi da yaɗuwar wani makero a Indiya wanda ba ya jin maganin terbinafine. Abin ya tsorata ni ƙwarai.

Shi ne na sayi 'yar kwalbar man tea tree mai mililita 10. Daga ganyen wata bishiya ta Ostareliya ake tatso shi, sinadarin da ke yaƙar fangas a ciki sunansa terpinen-4-ol. Ƙamshinsa mai ƙarfi ne, kamar na turare da kafur a haɗe. Ranar farko na ɗiga shi zalla a kan tsagar, wallahi sai da na yi hawaye don raɗaɗi. Kada wanda ya yi haka. Daga nan na riƙa gauraya shi da man kwakwa, safe da dare, bayan na tsane yatsun.

Cikin mako biyu wari ya tafi, ƙaiƙayi ya ragu sosai. Wannan na yaba masa. Amma tsagar ƙaramin yatsa ta ƙi rufewa, kuma da na yi sakaci kwana biyar farin ya dawo. Ashe wani bincike a Ostareliya a 1992 ya ga haka: man mai kashi 10 cikin 100 na rage damuwar, bai kashe fangas ɗin ba.

A ƙarshe asibiti na je, aka kankare fatar aka gwada, likita ya rubuta mini ƙwayoyi. Man tea tree ɗin ina shafawa har yanzu da saninsa. Kwalbar a saman kabad take, domin guba ne in yaro ya sha.