GARGAƊI ga masu neman hili a Damagaram: "sabuwar unguwar" hanyar Tanut ta ci mini miliyan 1 da jikka 350

Assalamu alaikum ƴan Damagaram na gida da na waje. Duk wanda aka turo masa hotunan wata sabuwar unguwa da wai za a gina a hanyar Tanut, gidaje a jere da butik-butik a bakin titi, da lakwal, da likita, da masallacin Juma'a, da shato na ruwa a tsakiya, to kada ya ba da ko dala. Ni na ba da. Miliyan 1 da jikka 350 na ba da, kuɗin gumina da na adashina da na sarƙar da na saida, kuma ga ni yau ba hili, ba gida, ba kuɗi. Lambar mutumin da ya karɓi kuɗin, mai kamfanin saida hilayen, a kashe take, buronsa kuma wani mai saida kayan waya ne a ciki yanzu.

Miliyan 1 da jikka 350. Ina rubutawa hannuna yana rawa.

Kafin wani ya zo yana ce mini kwaɗayi mabuɗin wahala, ya tsaya ya ji. An riga an faɗa mini wannan a gida, an faɗa mini a lakwal, har wadda ba ta taɓa sayen ko akurkin kaji ba ta faɗa mini. Wane kwaɗayi? Hili mai mita 400 a kan miliyan 2 da jikka 400, a bayan gari, a biya sannu a hankali. Ba kyauta aka ce za a ba ni ba, ba a ce kuɗina za su haihu ba. Lissafi nake koyarwa, na zauna da biro da takarda na auna kuɗin da nake zubawa haya a Sabon Gari da wanda zan rinƙa biyansu kowane wata, na ga abin ya yi daidai. Kuma kowa a garin nan ya ga yadda hilaye suka tashi. Tun da aka buɗe matatar SORAZ a 2011 hanyar Tanut ta zama abin da ta zama, motocin mai ba dare ba rana. Jami'a ta kawo ɗalibai masu neman ɗakin haya. Aka zo aka yi Zinder Sabuwa a 2018, aka zuba kwalta, wuraren da muke ce wa daji da muna yara yanzu gidajen siminti ne. Waɗanda suka sayi hili lokacin da ake yi musu dariya su ne masu gida yau. Don na ce ni ma bari in kama nawa tun bai fi ƙarfina ba, shi ne na zama mai kwaɗayi?

Kuma ba a waya na saya ba. Na je da ƙafata. Wannan nake so mutane su gane, na je na gani. Mai kamfanin da motarsa ya ɗauke mu, ni da ƙanena da wani dillali ɗan unguwarmu wanda shi ya fara kawo mini maganar. Muka wuce bakin gari muka sauka daga kwalta kaɗan. Ga borni, duwatsun iyakar hili, an kakkafa, farare, da lamba a jiki. Ga babban allo da zanen unguwar. Ga bulo an buga an jera, ga tarin yashi, har da wani ɗan ɗaki da aka kai linta wai shi ne gidan gwaji. Ya shimfiɗa taswira a kan bonet ɗin mota ya nuna mini ilo ɗina, wato rukunin hilayen da nake ciki, da parsel ɗina, wato hilina, kusurwa ce, tana kallon gabas. Ya ce masu layin gaba kowa zai samu butik biyu, ka zauna a baya ka ba da haya a gaba, hayar ta biya maka sauran ginin.

Ni ce ma na yi masa tambayar da ta fi kowace wuya, na ce ruwa fa? Don duk ɗan Damagaram ya san ƙasarmu dutse ne a ƙasa, ba ko'ina ake haƙa foraj a samu ba, kuma mun san abin da ake sha a watan zafi, bido a layi tun asuba, ƴan garuwa suna faɗin kuɗin da suka ga dama. Bai yi ko ɗar ba. Ya ce Madam ai shi ya sa muka zaɓi arewa, ruwan Arunguza da Ganaram ta nan yake shigowa gari, ba kamar Gogo da Macaya da ke can kudu ba, mu reshe kawai za a ja mana zuwa shato. Wurin da ruwan yake fitowa gaskiya ya faɗa. To mutumin da ya san wannan, ya amsa ba tare da inda-inda ba, ta ina zan gane ɓarawo ne?

Amma duk ba wannan ya kama ni ba. Abin da ya kama ni, ranar ina da jikka 600 a cikin jakata, na zo da su da niyyar in na ga wurin ya yi in ba da kafin alƙalami. Na ciro su. Wallahi na ciro su na miƙa masa. Sai ya ja da baya ya ce, "Madam, mayar da kuɗinki. Ba na karɓar kuɗi a daji. Je ki gida ki yi istihara, ki shawarci maigida, in hankalinki ya kwanta ki same ni a buro a rubuta miki rasit." Haka ya ce. Mayar da kuɗinki. Jikka 600 a gabansa, ba kowa sai mu, ya ce in mayar. Ƙanena ya kalle ni na kalle shi. A hanyar dawowa la'asar ta yi, ya tsayar da mota suka yi alwala da ruwan bido, shi ya ja su salla a bakin hanya ina zaune ina kallo.

Ku faɗa mini, wane ne a cikinku ba zai yarda ba? Ɓarawo yana mayar da kuɗi?

Jikka 250 na borni da takardu daga baya ne. A'a, tsaya, kafin su akwai wata biyu ko fiye da na fara biyan jikka 50-50, sannan ya kira ya ce jewometir, mai awon hili, zai zo a tabbatar wa kowa iyakarsa, a kai takardu meri gaba ɗaya don a fitar da akt de sesiyon, takardar da hukuma ke mallaka wa mutum hili da ita, wanda bai biya ba za a bar sunansa sai zagaye na gaba. Na biya. Jikka 600 na farko a buro, hannu da hannu, da rasit da hatimi. Jikka 250 ta gidan aika kuɗi, da sunan wani yaro da ya ce akawunsu ne. Na wata-wata kuma suka taru suka kai jikka 500. Ku haɗa da kanku: 600 da 250 da 500. Miliyan 1 da jikka 350. Duk rasit ɗin suna hannuna, ko ɗaya bai ɓace ba, zan ɗora hotunansu da na hirarmu ta WhatsApp da muryoyin da ya rinƙa turo mini, har wadda yake rantsuwa da abin da zai kashe shi. Sunansa da na kamfanin ne kawai aka ce in dakata da su tunda magana tana hannun hukuma. Na dakata, amma ba har abada ba.

Uzuri kuwa, bai taɓa rasa shi ba, kuma abin haushin kowane uzuri da gaskiya a jikinsa. Da aka rufe iyaka bayan Yulin 2023 ya ce siminti ya yi wuta, ƙarfe ba ya shigowa, Najeriya ta yanke lantarki, masu buga bulo sun tsaya. Ƙarya ya yi? Duk mun gani. Daminar 2024 da ruwa ya yi ɓarna, har tsohon masallacin Birni ya rushe a watan Satumba, ya ce hanyar wurin ta yanke, kuma ma'aikatan meri duk suna kan maganar ambaliya, wa zai zauna sa hannu a takardar hili? Na ce haka ne, har na ji kunyar matsa masa, mutane gidajensu sun faɗi ni ina maganar parsel. Da gwamnati ta rage kuɗin siminti a ƙarshen shekarar ni na kira shi da murnata, na ce to Alhaji yanzu sai aiki. Ya ce in sha Allahu Madam, bayan salla za ki ga kamiyo suna shiga. Wace salla? Ƙarama ta wuce, babba ta wuce.

Na manta ban faɗa ba, takardar da ya ba ni tun ranar jikka 600, atestasiyon ce kawai da sunan kamfaninsa a sama. Na tambaya a lokacin, kada wani ya ce ban tambaya ba. Ya ce haka ake yi, akt de sesiyon sai an gama biya, titir fonsiye kuma, babbar takardar mallakar ƙasa, na dukan wurin yana hannun noter ɗinsu, mai tabbatar da takardun ciniki a hukumance. Har hoton wata takarda mai hatimi ya nuna mini a wayarsa. Daga baya da maganar jikka 250 ta zo ya turo mini wata, wai kwafin takardar meri da ake jiran sa hannu, da lambar ilo da ta parsel da sunana a rubuce da inji. Sunana cikakke, har da na mahaifina. Na nuna wa maigidana, na nuna wa abokan aiki. Wata ƙawata da muke lakwal ɗaya ta gani ita ma ta shiga, jikka 400 ta zuba, yanzu in mun haɗu a bakin aji gaisuwa ce kawai sama-sama. Wannan ya fi kuɗin ci mini rai. Inna kuwa har yau ba ta sani ba, tana nan tana ce wa ƴan'uwa Madam ta kusa tashi daga haya.

Yadda abin ya tonu, da wayarsa ta fara shiga ba a ɗauka sai na hau kabu-kabu ni kaɗai na tafi wurin. Hatsi na tarar. Gero ya fi ni tsawo a inda aka ce falona zai zauna. Allon babu, bulon babu, ɗan ɗakin gwajin an mai da shi wurin ajiye kayan noma. Bornin kuwa an tuge su an tara a gindin wani gawo. Wani dattijo yana aiki a ciki, na gaishe shi na ce Baba ina masu wurin nan? Ya ce ƴata, ke ma cikinsu kike? Gonar gado ce, ta su ce shi da ƴan'uwansa, ba a ma raba ba. Wani ɗan ɗan'uwansu ne ya karɓi ƴan kuɗi a hannun mutumin ya bar shi ya kafa duwatsunsa da rani, wai za a yi ciniki in an shirya. Ba a yi ciniki ba. Maigari bai shaida ba, Kofo, hukumar kula da filayen karkara, ba ta rubuta komai ba, ba takardar gado, ba komai. Damina na zuwa suka tuge suka shuka abinsu. Dattijon har ruwa ya ba ni na sha, don ya ga ƙafafuna ba su ɗauke ni.

A meri, ma'aikacin sashen filaye bai ɓata lokaci ba. Ya karɓi kwafin ya buɗe rajista ya ce Madam, babu wani lotisma, wato yankan hilaye na hukuma, da aka yi a wurin nan. Lambar ilo ɗin akwai ta, amma a wata unguwa ce daban cikin gari, kuma da mai ita, ya gina har ya shiga. Takardar wani suka samu suka goge suna suka sa nawa. Ya ce da kin kawo wannan tun farko ai da a tsaye zan gaya miki. Na ce Malam, mutumin da na miƙa wa jikka 600 ya ce in mayar in je in yi istihara, shi zan bi da bincike kamar ɓarawon akuya? Ya yi shiru.

A kwamisariya kuma na haɗu da wani bawan Allah, direba, yana riƙe da irin takardata. Ilo ɗaya, parsel ɗaya, kusurwar nan mai kallon gabas. Shi ma a kan bonet aka nuna masa. Na tambaye shi, don Allah Malam, da ka ciro kuɗi me ya ce maka? Ya ce, cewa ya yi in mayar, ba ya karɓar kuɗi a daji. Kalma ɗaya bai canza ba. Har sallar la'asar ɗin.

Shawara, ga wanda zai ji: kada ka biya sai ka ɗauki lambar ilo da parsel ka kai meri da kanka an buɗe maka rajista. In an ce akwai titir fonsiye, a ba ka lambarsa ka kai kadastir, buron rajistar filaye. In gona ce, ka ga maigari da magada duka da takardar Kofo. Atestasiyon ɗin kamfani ba takardar hili ba ce. Borni kuwa ko ni zan iya sa a buga mini gobe.

Na san ba mu biyu ko uku ba ne, don taswirar nan cike take da sunaye da aka rubuta da jan biro, ya nuna mini da bakinsa yana cewa Madam ki yi sauri layin gaba ya kusa ƙarewa. Duk wanda ya zuba kuɗi a wurin nan, ko jikka 50 ne, ya daina ɓoyewa don kunya, ya kwaso rasit ɗinsa ya kai kwamisariya a haɗa da namu. An ce mana yawan masu ƙara shi ke sa a ɗauki abin da zafi. Ƴan'uwanmu da ke Agadas da Libiya da Kano da suka aiko kuɗi ta hannun dangi, ku tambayi takardunku yau.

Shi kuma dillalin unguwarmu da ke ta aiko mini dattawa wai in yi haƙuri, shi ma yaudararsa aka yi, wai in bar wa Allah, ya daina wahalar da su. La'ada ya ci a kan miliyan 1 da jikka 350 ɗina, ya ci a kan jikka 400 na ƙawata, kuma ya san gidan surukan mutumin. Na ba da sunansa, ya je can ya yi bayani.