Bad Brains ko Black Flag: Amsa ga Mai Neman Tushen Nirvana

Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun shekaranjiya, na jinkirta amsawa ne domin in sake sauraron faya-fayan kafin in ce wani abu. Ka ce kundin ƙungiyar kiɗan Amurka Nirvana mai suna Nevermind, wanda ya fito a 1991, ya shiga ranka, kana son ka bi sawu baya ka ga inda wannan kiɗa ya samo asali, sai wani ya nuna maka Black Flag, wani kuma ya rantse da Bad Brains, kai kuma ba ka san ƙofar da za ka fara ƙwanƙwasawa ba. Shawarata ita ce ka fara da Bad Brains, amma ka sani cewa jijiyar da ta kai ga Nirvana kai tsaye tana gidan Black Flag ne, kuma tana cikin wani kundi nasu da ba shi aka fi ambata ba.

Dukansu biyu ƙungiyoyin Amurka ne da suka taso a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kiɗan pank, wanda Ramones suka yi fice da shi a Niyu Yok, Sex Pistols da The Clash kuma a Landan, ya fara fitar da wani reshe da ya fi uwarsa sauri da zafi, wanda aka laƙaba wa suna hadko. Black Flag ta fito ne daga Hermosa Beach, wani gari a bakin teku kusa da Los Angeles a jihar Kalifoniya, inda mai jita Greg Ginn ya kafa ta a 1976. Bad Brains kuwa daga ɗaya gefen ƙasar take, daga Washinton babban birni, kuma mutum huɗu ne baƙaƙen fata a cikin harkar da kusan duk fararen fata ne ke yin ta: H.R. mai waƙa, ƙaninsa Earl Hudson a kan ganguna, Dr. Know a jita, sai Darryl Jenifer a jitar bes. Tun daga nan bambancin ya fara, domin waɗannan huɗun sun fara ne da kiɗan jaz a ƙarƙashin sunan Mind Power kafin su ji pank su juya, sunan da suka ɗauka daga baya ma daga wata waƙar Ramones suka ciro shi.

Wannan tarihi na jaz shi ne abin da kunne ke fara kamawa a kundinsu na farko, wanda ya fito a 1982 a kan kaset kaɗai daga kamfanin ROIR, mai bango ruwan ɗorawa da hoton tsawa tana faɗa wa ƙubbar majalisar dokokin Amurka. Saurin da suke yi ya wuce misali, amma babu wanda ke tuntuɓe. Idan ka sa waƙar farko, Sailin' On, ka mai da hankali kan ganguna da bes kawai, za ka ji suna tsayawa cak tare, su tashi tare, kamar mahayan da suka daɗe suna sukuwa a jere. Black Flag a kundin Damaged na Disambar 1981 ba haka suke ba, kuma da gangan ne. Jitar Greg Ginn tana tafiya ne kamar motar da birkinta ya tsinke a gangare, tana kauce wa amo, tana kuka, tana dawowa kan hanya daidai lokacin da ka cire rai. Wanda ya saba da kiɗa mai tsari zai iya ɗauka rashin iyawa ne, alhali an san mutanen nan da yin atisaye na sa'o'i masu yawa kusan kullum. Na farkon ƙwarewa ce da ake nunawa a fili, na biyun ƙwarewa ce da aka ɓoye a cikin hargitsi, kuma sabon shiga ya fi saurin gane ta farkon.

Akwai dalili na biyu da ya sa na ce ka fara da Bad Brains, kuma ya shafi kunnenmu. Bayan sun halarci wasan Bob Marley, 'yan ƙungiyar sun rungumi aƙidar Rasta, suka riƙa cusa kiɗan rege a tsakanin waƙoƙinsu masu gudu. A kaset ɗin 1982 akwai irin waɗannan guda uku: Jah Calling da Leaving Babylon da I Luv I Jah. Ga wanda ya tashi yana jin Marley da Lucky Dube da Alpha Blondy a shagon mai kaset ko a motar haya, waɗannan waƙoƙi inuwa ce da zai zauna ya huta kafin a koma rana. Kuma ba cikon gurbi ba ne, rege ne na gaske, bes ɗinsa mai nauyi, amonsa mai amsa-kuwwa. Damaged ba shi da irin wannan rangwame ko kaɗan. Waƙoƙi 15 ne cikin kimanin minti 35, abin da ya yi kama da hutu a cikinsu shi ne barkwancin TV Party da Six Pack, inda suke yi wa masu kashe rayuwarsu a gaban talabijin da kwalba shaguɓe, daga nan kuma sai duhu ya rufe har ƙarshe.

Ta fuskar murya tazarar ta fi faɗi. H.R. yana da muryoyi da yawa a maƙogwaro ɗaya: yana ƙara, yana rera waƙa da taushi, yana jero kalmomi da saurin da ko Ba'amurke sai ya nemi rubutun, kuma a kan dandamali an san shi da yin alkafura ta baya ya dira daidai bugun ƙarshe. Henry Rollins, wanda shi ne mawaƙi na huɗu da Black Flag ta yi bayan Keith Morris da Ron Reyes da Dez Cadena, murya ɗaya gare shi, ta haushi, amma yana zuba duk jikinsa a cikinta. Abin sha'awa shi ne shi ma ɗan Washinton ne, yana aiki a shagon sayar da askirim, yana cikin yaran da ke cika gaban dandamali idan Bad Brains na wasa. A 1981 ya je kallon Black Flag a Niyu Yok, ya hau ya rera waƙa ɗaya tare da su, bayan 'yan kwanaki suka kira shi gwaji, ya ajiye aikinsa ya bi su yana ɗan shekara 20. Saboda haka gardamar da abokanka biyu suke yi gardama ce tsakanin malami da wanda ya zauna a gabansa.

Jigon waƙoƙin ma ya rabu. Bad Brains suna da wata aƙida ta kyautata zato da ƙarfafa zuciya da suke taƙaitawa da haruffa uku, PMA, wadda H.R. ya tsinto daga rubuce-rubucen marubucin Amurka Napoleon Hill, suka gauraya ta da wa'azin Rasta game da Babila da zalunci. Fushinsu yana kallon waje ne, kuma yana da fatan mafita. Fushin Black Flag yana komawa ciki. Rise Above, wadda ta buɗe Damaged, kirari ce ta waɗanda aka matsa wa, kuma tana da dalili, domin 'yan sandan Los Angeles sun sha tarwatsa wasanninsu, amma yawancin abin da ya biyo baya magana ce ta ƙunci da kaɗaici da mutumin da ya tsani kansa. Bangon kundin ma hoton Rollins ne ya naushi madubi. Wani jami'in kamfanin MCA, wanda aka shirya zai rarraba faifan, ya saurare shi ya ce ya saɓa wa iyaye, kamfanin ya janye, rigimar shari'a da ta biyo baya da kamfanin Unicorn kuma ta hana su fitar da sabon aiki da sunansu na tsawon lokaci. Ina faɗa maka wannan ne domin ka zaɓi lokacin sauraro. Ba kundi ba ne da zan ba mutumin da ke cikin damuwa ya kwana da shi.

Yanzu ga inda Black Flag ta yi zarra, kuma nan ne amsar ainihin tambayarka take. Da takunkumin shari'a ya kau, sun fitar da My War a 1984. Fuskar farko ta faifan tana da sauri kamar yadda aka saba, amma ta biyun waƙoƙi uku ne kacal, kowace ta haura minti 6, suna jan ƙafa da nauyi irin na Black Sabbath, ƙungiyar Birtaniya mai kiɗan ƙarfe (hebi metal). Magoya bayansu da yawa sun ji haushi, suna ganin an ci amanar hadko, tunda a wurinsu sauri shi ne addini. Amma a can arewa maso yammacin Amurka, a jihar Washinton, wasu samari sun ji wannan fuska ta biyu suka ga hanya. 'Yan ƙungiyar Melvins suka rage gudu suka ƙara nauyi, kuma a gindinsu Kurt Cobain, mawaƙin Nirvana, ya yi rarrafe, yana bin su wurin atisaye tun kafin a san sunansa. Wannan haɗi na ɗacin pank da nauyin kiɗan ƙarfe shi ne abin da daga baya aka kira kiɗan Seattle, birni mafi girma a jihar. A jerin faya-fayai 50 da Cobain ya rubuta da hannunsa a matsayin waɗanda ya fi so, akwai My War, akwai Damaged, akwai kuma Rock for Light na Bad Brains. Idan ka sa Nothing Left Inside, waƙar da ta buɗe fuska ta biyu ta My War, sannan ka koma kan Bleach, kundin Nirvana na farko na 1989, ba ka bukatar kowa ya yi maka bayani.

Ba za a ce Bad Brains ba su da hannu a Nevermind ba, sai dai hannun nasu ta ganguna ya shiga. Dave Grohl, wanda ya zama mai gangar Nirvana a 1990, ya girma ne a Bajiniya kusa da birnin Washinton, ya yi kiɗa da ƙungiyar hadko mai suna Scream, kuma bai taɓa ɓoye cewa ya koyi abubuwa da yawa daga salon Earl Hudson ba.

Akwai kuma wani gado da ba a ji da kunne. SST, kamfanin da Ginn ya fara da shi yana sayar da kayan rediyo tun yana yaro, ya rikiɗe ya zama gidan buga faifai, kuma a 1984 kaɗai ya fitar da Zen Arcade na Hüsker Dü da Double Nickels on the Dime na Minutemen da Meat Puppets II, daga baya kuma ya ɗauki Sonic Youth da Dinosaur Jr. da Soundgarden. 'Yan Black Flag ne kuma suka share hanyar zagaya ƙasa a cikin motar ɗaukar kaya, ana kwana a daɓen gidajen masoya, ana wasa a duk zauren da aka samu, har ƙungiyar ta watse a 1986. Kusan duk abin da aka zo ana kira altanatif rok ta wannan hanya ya bi. Bad Brains ba su gina irin wannan ba, rigingimun cikin gida da yawan ficewar H.R. sun hana su zama wuri ɗaya, har ma kundinsu na 1986, I Against I, a SST ɗin ya fito. A cikinsa ne aka ɗauki muryar H.R. ta waƙar Sacred Love ta wayar tarho yana tsare a gidan yari. Waɗanda suka gina wa birnin Washinton gida su ne ƙannensu a harkar, Ian MacKaye da Jeff Nelson, da kamfanin Dischord a 1980 da ƙungiyar Minor Threat, wadda waƙarta Straight Edge, da ba ta kai minti ɗaya ba, ta haifar da tafiyar matasa masu ƙaurace wa giya da ƙwaya. Idan hadko ya karɓe ka, nan za ka nufa daga baya, sannan ka wuce zuwa Repeater na 1990, kundin Fugazi, ƙungiyar da MacKaye ya kafa daga baya.

Tsarin da zan ba ka shi ne kaset ɗin Bad Brains na 1982 tukuna, sau biyu ko uku, har sai kunnenka ya daina jin saurin a matsayin hayaniya. Sai Damaged, sai My War daga fuska ta biyu, sannan ka rufe da I Against I, wanda a ganina ya fi duk sauran kyawun ɗauka da tsari, ko da yake masu tsattsauran ra'ayi za su ce ya yi nisa da hadko. Kuma don Allah kada ka yi kuskuren da na yi. Karon farko da na sa Damaged, ta lasifikar waya na saurare shi, abin da na ji kawai ƙanƙara ce tana zuba a kan rufin kwano, na kashe na ajiye shi fiye da shekara guda. Da na dawo da abin sawa a kunne mai kyau sai na tarar akwai jitar bes ta Chuck Dukowski a ƙasa tana riƙe da ginin duka, wadda wayar ta haɗiye gaba ɗaya.

Idan ka zo kan Rock for Light na 1983, wanda Ric Ocasek na ƙungiyar The Cars ya tsara, ka duba wane bugu ka samu. Wanda aka sake fitarwa a 1991 an sake gauraya sautinsa, an sauya jerin waƙoƙin, an kuma ƙara masa gudu har muryar H.R. ta ɗan sirance. A 2021 an dawo da na asalin kasuwa, kuma shi ya kamata ka nema.