Hob da Birkin da Na Zaɓa wa Keken Hawa Dutse Marar Firiwil

Duk wanda ya cire firiwil (ƙarfen da ke barin taya ta juya ko da feda ta tsaya) daga keken hawa dutse ya kafe ƙaramin farantin sarƙa a jikin hob, wato cibiyar taya da ke juyawa a kan sanda, ya ɗora wa hob ɗin baya nauyin da bai saba ɗauka ba. Muddin taya tana juyawa, feda ma tana juyawa, kuma duk lokacin da mahayi ya turje da ƙafafunsa don rage gudu, sarƙar tana jan farantin ta ɓangaren da yake kwancewa. A kan kwalta wannan yakan faru jefi-jefi, amma a gangare mai duwatsu da saiwoyi kusan kowane daƙiƙa ne. Na yi kimanin shekara guda ina hawa da hob ɗin Surly Ultra New a baya da birkin Avid BB7 gaba da baya, kuma ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani.

Kafin a sayi komai, sai a ɗauko abin awo a auna tazarar da ke tsakanin ƙafafun firam na baya. Yawancin hob ɗin da ake ƙerawa don keke marar firiwil na keken tseren fili ne, faɗinsu milimita 120, alhali tsohon keken dutse yana buƙatar 135, sababbin kuwa 142 ko 148 ne, da sanda mai kauri da ake zurawa ta cikin firam. Wanda ya matse firam ɗin alminiyon don ya kama hob mai 120 ya sayi tsagewa da kuɗinsa. Haka nan dole ne firam ɗin ya ba da hanyar ɗaure sarƙa, ko dai ta ramin sanda mai tsawo da ake jan taya baya a cikinsa, ko ta gidan feda mai juyawa, domin ƙarfen nan mai sifirin da ake maƙala wa keke mai giya ɗaya don ya riƙe sarƙa ba ya jure turjiya. Da zarar an danna feda baya sai ya lanƙwashe ko ya karye.

Hob na gaskiya na irin wannan keke yana da tiredi hawa biyu, wato zaren murɗawa irin na jikin noti. Farantin yana shiga babban, mai faɗin inci 1.37, ana ɗaure shi ta dama, sannan zoben kulle ya hau ƙaramin, mai inci 1.29, wanda ake ɗaurewa ta hagu, ta yadda idan farantin ya nemi kwancewa sai ya ƙara matse zoben. Dabara ce mai kyau, amma ƙarfinta duka yana kan ingancin alminiyon ɗin da aka yanka tiredin a jiki. Hob ɗin da na fara ɗaurawa mai araha ne, kuma a wata na biyu, ina tsakiyar gangare na turje, sai na ji fedar ta tafi fayau kamar an zare mini ƙasa. Da na sauka na duba, zoben yana lilo a kan sanda, ga siraran zaren alminiyon sun naɗe a cikinsa kamar gashi. Birkin gaba ne ya tsayar da ni a ranar.

Abin da ya ja ni ga na Surly shi ne akwai samfurinsa mai faɗin 135 da ke da tiredin faranti da zobe a dama, da mazaunin faifan birki mai kusoshi shida a hagu, wato ba sai mutum ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba. Boris ɗinsa rufaffe ne, irin wanda ake cirewa gaba ɗaya a sa sabo, kuma kusoshin da ke riƙe shi a firam suna cizo sosai, tayar ba ta taɓa zamewa gaba ba ko a hawa mai tsauri. Na shafa giris a tiredin, na ɗaure farantin da iya ƙarfina, na hau wani tudu don ya ƙara zama, sannan na sake matse zoben. Wannan matsewa ta biyu ita ce mutane suke mantawa. Tun daga nan bai motsa ba. Ba shi ne mafi sauƙin nauyi ba, kuma ba shi da ƙyalƙyalin hob ɗin kamfanin Phil Wood, amma ban ga abin da ƙyalƙyali zai ƙara wa ƙarfen da ke wuni cikin laka ba.

Akwai wata hanyar da wasu suka fi so, kuma ban raina ta ba. Ana samun hob na baya mai mazaunin faifai na kusoshi shida, a juya tayar, a ɗaure faranti mai ramuka shida a inda faifan yake zama, irin wanda VeloSolo ke yi. Babu tiredin da zai cinye, babu zoben da zai kwance. Sai dai faifan birkin baya ya rasa wurin zama ke nan, kuma mazaunin Center Lock na Shimano, wanda ke riƙe faifai da zobe maimakon kusoshi, bai dace da wannan aiki ba. Wanda firam ɗinsa ba ya barin a ja taya baya kuwa, hob ɗin ENO na White Industries, mai sandar da ba ta tsakiya ba, yana ɗaure sarƙa idan aka juya shi.

Batun birkin gaba ba abin jayayya ba ne, domin idan aka taka birki nauyi yana komawa gaba, kuma tayar gaba ce ke yin mafi yawan aikin tsayawa. Na sa faifai mai milimita 180 a gaba, 160 a baya. BB7 da waya yake aiki, yana da maɓalli biyu da ake matso da kowane takalmin birki daban, kuma idan waya ta tsinke a daji ana iya canza ta da ƙaramin makulli. Takalman ba sa matsowa da kansu yayin da suke cinyewa kamar na birki mai mai, saboda haka duk bayan hawa cikin laka sai na ƙara danna maɓallan sau ɗaya ko biyu. Wanda ke son taushin hannu a doguwar gangare zai fi jin daɗin birkin Shimano Deore mai aiki da mai.

Inda na saɓa da yawancin masu irin wannan keke shi ne birkin baya. Suna cewa ƙafa ta isa, amma ƙafa tana turjewa da ƙarfi ne kawai idan fedoji suna kwance, dutse kuwa ba ya jira su kwanta, sannan bayan awa biyu cinya ta riga ta gaji. Da birkin baya nakan kulle tayar na ɗan lokaci ta ja ƙasa, fedar ta tsaya a inda ba za ta bugi dutse ba. Wahalarsa ɗaya ce: duk lokacin da sarƙa ta saki na ja tayar baya, faifan yana gusawa tare da ita, sai na kwance kusoshi biyu na kan birkin, na sake daidaita shi, na juya tayar ina saurare har ƙarar gogayya ta ɗauke.