Ƙofar zuba hatsi mai aiki da iska: ta yi a shanshera, ta gaza a dusa

Duk wanda ya yi aiki a injin casar shinkafa ya san tsohuwar ƙofar ƙarƙashin rumbu: faifan ƙarfe ne da mariƙi, yaro ya ja ya buɗe, ya tura ya rufe, in ta cije a ɗauko guduma. Mu ma da ita muke aiki a masana'antarmu a Kano, har aka haɗa layin da kwamfutar sarrafa injuna, ya zama dole kowace ƙofa ta riƙa karɓar umarni daga allo. Sai aka sayo mana ƙofofin zamiya masu aiki da iska ta hannun wani dillali. Ni ke kula da gyara, kuma sun ga hunturu sun ga damina a hannuna.

Ƙirarsu ba ta da wuya. Faifan ƙarfe mara tsatsa ne, samfurin 304, yana zamiya tsakanin robobi masu tauri. Silinda ke tura shi, bawul mai lantarki na bolt 24 ke ba silindar iska, sannan akwai ƙananan na'urori biyu a jikinta da ke gaya wa kwamfuta ko ƙofa a buɗe take ko a rufe. Matsin iskar da take so bai wuce bar 6 ba. Abin da na fi yaba wa masu ƙirar shi ne silindar ta ma'aunin ISO 15552 ce, don haka ta kamfanin Festo ko SMC mai girma ɗaya za ta zauna a gurbinta, ba sai ka jira kaya daga waje ba.

A ƙarƙashin rumbun shanshera, gaskiya ta fitar da mu kunya. Tana yanke hatsi yana tsakiyar zuba, fat ɗaya, babu tsiyaya. A kan sikelin buhu ma haka. Waccan mai zango biyu ce: ta buɗe gaba ɗaya, in buhu ya kusa kilo 50 ta ja baya ta bar ɗan tsaga, shinkafa ta riƙa sauka kaɗan-kaɗan har awo ya cika. Da can sai mai ɗinki ya tsaya da kwano yana ragewa yana ƙarawa. Yanzu kwanon yana rataye a ƙusa.

To amma shanshera ba ta da tausayi. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na ɓuntunta sinadarin silika ne, irin na yashi, kullum kuma yana gogar robobin nan. Alamar farko da za ka gani ita ce siririn layin gari a gefen akwatin ƙofar, kamar an ja da alli. In ka ga haka roba ta fara cinyewa, kuma dillalin bai sa ko ɗaya ta canji a cikin kwali ba. Wannan ya ba ni haushi, domin robar ba ta kai komai ba a kuɗi, amma rashinta na iya tsayar da layi. Kuma kada wanda ya ce maka ka shafa wa faifan giris. Ƙura ce za ta manne ta zama kwaɓi.

Damina ta zo da nata. Kwamfaresa, wato injin matsa iska, na tara ruwa in iska ta yi laima, ruwan ya bi tiyo ya shiga bawul. Sai ka ji ƙofar da ke rufewa da ƙarfi ta koma tana jan jiki tana huci, kwamfuta kuma tana ƙorafin ba ta rufe a kan lokaci ba. Ba laifin ƙofar ba ne, amma ba a gaya wa mai saye. Sai da aka sa na'urar busar da iska, aka kuma ɗora wa mai aikin safe zubar da ruwan tanki, sannan muka huta.

Babban abin da zan ce mai saye ya tambaya shi ne: in an ɗauke wuta, ina ƙofar za ta tsaya? Namu sun zo da bawul mai naɗin waya biyu, wanda ke barin ƙofa yadda wuta ta bar ta. Kafin janareta ya tashi, bel mai gugayen ɗaga hatsi ya tsaya cak, rumbu kuwa yana ta zuba, gindin bel ya toshe, sai an kwance an kwashe da shebur. Mun canza su da mai naɗi ɗaya da sifirin, wanda ke rufe ƙofa da iskar da ta rage a tanki. A ƙasar da wuta ke wasan ɓuya, wannan ya kamata dillali ya fara kawowa.

A dusa kuwa ba ta yi ba ko kaɗan. Dusar shinkafa na da maiƙo, tana dunƙulewa a saman faifan, ƙofa ta buɗe amma babu abin da ya sauko sai an bubbuga mazurari. Mun cire ta daga wurin, muka sa bawul mai juyawa, ita kuma muka mayar da ita layin tsakin shinkafa, inda take aiki lafiya har yau.