Hutun haihuwa ya ƙare: tatsar nono ko madarar gwangwani?

'Yar uwa, kin ce jaririnki yana wata uku, hutunki ya kusa ƙarewa, za ki riƙa barinsa wajen Hajiya daga safe zuwa la'asar, kuma kin rasa wanne za ki ɗauka: ki riƙa tatsar nono kina ajiye masa, ko ki sa shi a madarar gwangwani. Allah ya raya mana shi. Ni dai tatsa nake ba ki shawara, amma kowanne da wahalarsa, gara ki san su tun yanzu.

Wajen lafiyar yaro babu gardama. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa, domin kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne, sannan a ci gaba har shekara 2, kamar yadda aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata. Nonon da kika tatsa yana nan da sinadaransa masu kare yaro daga gudawa da ciwon ƙirji. Madara tana ƙosarwa, yaro yana girma da ita, amma ba ta da wannan kariyar.

Inda maganar take da nauyi shi ne ajiya, saboda zafinmu da halin wutar lantarki. Nonon da aka tatsa a mazubi mai tsabta da murfi yana kai awa 4 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, kin kuwa san ɗakin Kano ko Sakkwato a watan Afrilu ya wuce nan nesa ba kusa ba. A firij yana kwana 4, can ciki, ba a jikin ƙofa ba, in har wuta ta zauna. In ba ta zama, kula mai ƙanƙara tana riƙe shi har awa 24, kuma wannan ce dabarar da ta fi dacewa da yawancinmu. Ki nuna wa Hajiya tun da wuri cewa nono in ya zauna yakan rabu biyu, maiƙo a sama, tsinkakke a ƙasa. Bai lalace ba. Ta sa mazubin cikin kwanon ruwan ɗumi, ta juya shi a hankali ya haɗe, kada ta ɗora a wuta.

Garin madara ba ruwansa da wutar lantarki, nan ya fi sauƙi. Sai dai ba a kashe duk ƙwayoyin cutar da ke cikinsa ba, don haka kowane haɗi sai an tafasa ruwa, a haɗa tun zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, sannan a huce. In an haɗa, cikin awa 2 za a ba shi, abin da ya rage bayan ya sha kuwa zubarwa ake yi. Ga wankin fida da tafasa ta kullum. Kowanne kika zaɓa, ƙaramin kofi ya fi fida sauƙin wankewa, kuma jariri yana iya sha da shi in an koya masa.

Kuɗi kuma shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Gwangwanin giram 400 ba ya wuce kwana uku zuwa huɗu a hannun ɗan wata uku da ke shan madara kaɗai. Ki lissafa na wata guda ki gwada da albashinki. In kuɗi ya yanke a tsakiyar wata, uwa takan rage cokali ta ƙara ruwa don gwangwani ya daɗe, ko ta koma madarar shayi ta manya, daga nan yaro ya fara ramewa. Don Allah, duk wadda ba ta da tabbacin sayenta har ƙarshe, kada ta fara. Tatsa da hannu kuwa ba ta cin ko sisi.

Amma tana cin jiki da lokaci. Kusan kowace awa uku sai kin sami wuri mai sirri a wajen aiki kin zauna minti ashirin ko fiye. In kika tsallake, nono ya cika ya yi tauri, rigarki ta jiƙe, wani lokaci har kumburi da zazzaɓi. Kuma gwargwadon yadda ake cire nono haka jiki yake kawo wani, shi ya sa duk shan da aka maye da madara ba tare da tatsa ba yana rage shi. Ki fara gwaji sati biyu kafin ki koma, da safe lokacin da ya fi yawa. Ranar farko kina iya samun 'yan cokula kawai, kada hankalinki ya tashi. Ki kuma nemi haƙƙinki: dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana cikin lokacin aiki.

In kin gwada, wurin aikin bai ba da hali ba, ko likita ya ga yaron ba ya ƙara nauyi, to ki haɗa biyun ba tare da jin kunyar kowa ba: madara da rana yadda aka rubuta a jikin gwangwani, nono da asuba, da yamma, da cikin dare. Ki riƙa lura da fitsarinsa, ya jiƙa kunzugu aƙalla sau 6 a yini, ki kuma kai shi awo kowane wata. In fitsarin ya ragu, ko gudawa ta kama shi, ko ya ƙi sha, ki kai shi asibiti a ranar.